Gianna Beretta Molla

Gianna Beretta Molla (4 Oktoba 1922 – 28 Afrilu 1962) likitar yara ce 'yar ƙasar Italiya, wadda Cocin Katolika ya ayyana a matsayin waliyyiya a shekarar 2004. An fi saninta da shawarar da ta yanke a shekarar 1961, lokacin da likitoci suka gano ƙari a mahaifarta tana ɗauke da cikin wata biyu. Ta ƙi amincewa a zubar da cikin, ta kuma ƙi amincewa a cire mahaifar, ta zaɓi a cire ƙarin kaɗai domin abin da ke cikinta ya rayu. Ta haifi 'ya mace lafiyayya a ranar 21 ga Afrilu 1962, ta rasu bayan mako ɗaya tana da shekara 39. Masu adawa da zubar da ciki bisa dalilan addini suna yawan kafa misali da ita, kuma mabiya ɗarikar Katolika suna ɗaukar ta majiɓinciyar iyaye mata, likitoci da jariran da ba a haifa ba. Ana tunawa da ita a ranar 28 ga Afrilun kowace shekara.

## Asali da ƙuruciya

An haife ta a garin Magenta da ke yankin Lombardi a arewacin Italiya, yamma da birnin Milan. Ita ce ta goma a cikin 'ya'ya goma sha uku na Alberto Beretta da matarsa Maria De Micheli. Wasu daga cikin 'ya'yan sun rasu tun suna ƙanana. An yi mata baftisma a cocin San Martino da ke Magenta da sunan Giovanna Francesca, amma a gida Gianna ake kiran ta, kuma da wannan sunan duniya ta san ta.

Mahaifinta ma'aikaci ne a wata masaƙar auduga a Milan. Shi da matarsa suna cikin reshen ƙungiyar Faransiskan na masu aure, wato mutanen da ke zaune da iyalansu a gari amma suna bin tafarkin Francis na Assisi na sauƙin rayuwa da taimakon mabuƙata. Gida ne da ake zuwa coci kowace safiya, ake kuma taruwa da yamma a yi addu'a tare. Iyayen sun ba karatu muhimmanci ga maza da mata baki ɗaya, shi ya sa gidan ya fitar da likitoci da injiniyoyi. Uku daga cikin 'yan'uwanta sun shiga hidimar coci: Enrico, likita ne da ya zama fada a ƙungiyar Kafucin ya ɗauki sunan Alberto, ya tafi aikin mishan Brazil, Giuseppe ya zama fada a Bergamo, ƙanwarta Virginia kuma likita ce da ta zama sista a ƙungiyar Kanosiya, ta yi aiki a Indiya.

A shekarar 1925 iyalin suka tashi daga Milan suka koma Bergamo, inda Gianna ta yi ƙuruciyarta ta kuma fara makaranta. Ta karɓi jibin Ubangiji karo na farko a 1928 tana da shekara biyar da rabi. A watan Janairu 1937 yayarta Amalia ta rasu, kuma a cikin shekarar iyalin suka koma Quinto al Mare, wata unguwa a bakin teku kusa da birnin Genoa. A watan Maris 1938 ta halarci wani zaman keɓewa na kwana uku domin addu'a da nazari, wanda wani fada na ƙungiyar Jesuit ya jagoranta. Rubuce-rubucen da ta yi a wannan zaman suna nan har yanzu, kuma masu tarihinta suna ganin daga nan ne ta fara ɗaukar addini da gaske a matsayin abin da za ta gina rayuwarta a kai. Rashin ƙoshin lafiya ya sa ta dakatar da makaranta na tsawon shekara ɗaya, ta zauna gida tana koyon kiɗan fiyano da zane, sannan ta koma ta ci gaba.

## Karatun likitanci

Yaƙin Duniya na Biyu ya tarar da iyalin a Genoa, birnin da ya sha ruwan bama-bamai saboda tashar jiragen ruwansa. A 1941 suka koma Bergamo. Shekarar 1942 ta zo wa Gianna da nauyi: mahaifiyarta ta rasu a watan Afrilu, mahaifinta ya bi ta a watan Satumba. Tsakanin rasuwar biyu ta kammala sakandare. Daga nan ita da 'yan'uwanta suka koma gidan kakanninsu a Magenta.

A watan Nuwamba 1942 ta shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Milan. Karatu a lokacin yaƙi bai zo da sauƙi ba, domin ana yawan katse darussa saboda hare-haren jiragen sama. Bayan yaƙi ta koma Jami'ar Pavia, inda ta sami digirin likita a ranar 30 ga Nuwamba 1949. A watan Yuli 1952 ta kammala ƙwarewa a fannin lafiyar yara a Jami'ar Milan.

Duk tsawon shekarun karatunta tana cikin ƙungiyar Azione Cattolica, babbar ƙungiyar mabiya Katolika waɗanda ba malaman coci ba a Italiya. An ɗora mata kula da 'yan mata, tana yi musu lacca, tana shirya musu zaman addu'a da fita yawon duwatsu. Tana kuma cikin ƙungiyar Vincent de Paul, wadda 'ya'yanta ke zagayawa gidajen tsofaffi da matalauta da abinci da magani.

## Aikin likita

A ranar 1 ga Yuli 1950 ta buɗe ɗakin shan magani a Mesero, wani ƙaramin gari kusa da Magenta, ta ci gaba da duba marasa lafiya a can har ƙarshen rayuwarta. Mafi yawan masu zuwa wurinta manoma ne da ma'aikatan masana'antu da matansu da 'ya'yansu. Takan kuma bi marasa lafiya har gida da ƙaramar motarta, dare ko rana. Mutanen garin sun ba da shaida daga baya cewa idan mara lafiya ba shi da hali ba ta karɓar kuɗinsa, wani lokacin ma ita ke saya masa magani.

A cikin 'yan rubuce-rubucen da ta bari game da aikinta, ta ɗauki likitanci a matsayin hidima ga Allah, ta kuma nuna cewa likita yana da alhakin kula da mutum gaba ɗayansa, jiki da ruhi. A kan zubar da ciki matsayinta a fili yake tun kafin abin ya zo kanta: tana ganin ɗaukar rai ne, kuma tana ƙarfafa wa mata masu cikin da ya zo da matsala gwiwa su riƙe shi.

Burinta na farko shi ne ta bi yayanta Fada Alberto zuwa Grajaú a jihar Maranhão da ke arewa maso gabashin Brazil, inda yake gina asibiti, domin ta kula da mata masu haihuwa. Ta fara shiri har da koyon harshen Fotugis. Sai dai masu ba ta shawara sun nuna mata cewa jikinta ba zai ɗauki zafin yankin ba, don haka ta haƙura. A watan Yuni 1954 ta raka ayarin marasa lafiya zuwa Lourdes a Faransa a matsayin likita, kuma bayan dawowarta ta tsayar da ranta a kan aure.

Ba mace ce mai ƙunci ba. Tana son hawan duwatsu da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, tana zuwa kallon wasanni da sauraren kiɗa a Milan, tana kuma son tufafi masu kyau. Hotunanta da suka fi yaɗuwa suna nuna ta a kan duwatsu tana murmushi, ko tana riƙe da 'ya'yanta.

## Aure da iyali

Mijinta Pietro Molla injiniya ne ɗan asalin Mesero, an haife shi a 1912, kuma yana cikin shugabannin masana'antar ashana ta SAFFA da ke Ponte Nuovo a gefen Magenta. Sun taɓa ganin juna sama-sama a baya, amma sun fara magana sosai ne a ranar 8 ga Disamba 1954, a wajen walimar wani sabon fada ɗan garin Mesero. An yi baikonsu a watan Afrilu 1955, aka ɗaura aure a ranar 24 ga Satumba 1955 a cocin San Martino na Magenta, kuma yayanta Fada Giuseppe ne ya jagoranci bikin. Suka tare a Ponte Nuovo, a wani gida na masana'antar.

Aure bai raba ta da aiki ba. Ta ci gaba da zuwa Mesero, aka kuma ba ta kula da cibiyar lafiyar mata da yara ta Ponte Nuovo, tana duba yaran makarantar sistocin Kanosiya ba tare da karɓar lada ba. Ta haifi Pierluigi a 1956, Maria Zita da ake kira Mariolina a 1957, sai Laura a 1959. Dukkan cikin nan uku sun ba ta wahala, da laulayi mai tsanani da doguwar naƙuda. Bayan Laura ta yi ɓari sau biyu. Aikin Pietro yana sa shi yawan tafiya ƙasashen waje, shi ya sa suka riƙa rubuta wa juna wasiƙu masu yawa. An tattara wasiƙun an buga su bayan rasuwarta, kuma suna cikin manyan madogaran tarihinta.

## Ciki na ƙarshe

A shekarar 1961 ta sake samun ciki. Wajen ƙarshen wata na biyu aka gano wani babban ƙari a jikin mahaifarta. Irin wannan ƙarin tsiro ne na tsokar mahaifa, ba sankara ba ne, amma idan ya girma yakan jawo ciwo mai tsanani da zubar jini, yana iya danne ɗan tayi, yana kuma iya tare hanyar haihuwa.

Bisa ilimin likitanci na wancan lokacin, hanyoyi uku ne a gabanta. Ta farko, a cire mahaifar gaba ɗaya tare da ƙarin. Wannan ce ta fi tsare ranta, amma ɗan tayin zai mutu kuma ba za ta ƙara haihuwa ba. Ta biyu, a cire ƙarin a kuma zubar da cikin, ta yadda za ta iya samun wani cikin nan gaba. Ta uku, a cire ƙarin kaɗai a bar cikin. Haɗarin ta ukun shi ne yankan da aka yi wa mahaifa yana iya sa ɓari, kuma ɗinkin yana iya ɓallewa yayin da cikin ke girma, abin da kan jawo zubar jinin da ke kashewa cikin ɗan lokaci.

Gianna likita ce da ta san ma'anar kowace hanya, kuma ta zaɓi ta uku. An yi mata tiyata a ranar 6 ga Satumba 1961 a asibitin San Gerardo da ke Monza. Aikin ya yi nasara, cikin bai zube ba. Bayan ta murmure ta koma duba marasa lafiya, ta ci gaba da hidimar gidanta har kusan lokacin haihuwa. Mijinta ya ba da shaida cewa 'yan kwanaki kafin ta shiga asibiti ta gaya masa ƙarara cewa idan har ta kai ga sai an zaɓi ɗaya tsakaninta da jaririn, a ceci jaririn. Ya kuma bayyana cewa tana fatan rayuwa, tana ta shirye-shiryen abin da za su yi bayan ta sauka, har ta sa ya taho mata da mujallun ɗinki daga Paris.

## Haihuwa da rasuwa

Ta shiga asibitin Monza a ranar 20 ga Afrilu 1962, wadda ta dace da Jumma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu. An yi ƙoƙarin tayar da naƙuda amma haihuwar ba ta zo ba, sai washegari Asabar, jajibirin Ista, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace lafiyayya. Aka sa mata suna Gianna Emanuela.

Bayan 'yan sa'o'i zazzaɓi mai zafi da ciwon ciki suka rufe mai jegon. Ƙwayoyin cuta sun shiga tantanin da ke lulluɓe da kayan cikinta, suka bazu a jini. An ba ta magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake da su a lokacin amma ba su yi tasiri ba. Ƙanwarta Sista Virginia, wadda ta dawo daga Indiya a 'yan kwanakin, tana cikin waɗanda suka yi jinyarta. Da asubahin ranar 28 ga Afrilu aka mayar da ita gidanta a Ponte Nuovo kamar yadda ta nema, ta cika da misalin ƙarfe 8 na safe. An binne ta a maƙabartar Mesero. Ta bar 'ya'ya huɗu, babbansu yana da shekara biyar.

Bayan shekara biyu, a watan Fabrairu 1964, Mariolina ta rasu tana da shekara shida. Pietro bai sake aure ba. Ya reni sauran 'ya'yan da taimakon dangi, ya rasu a ranar 3 ga Afrilu 2010 yana da shekara 97. Gianna Emanuela ta zama likitar tsofaffi, daga baya ta bar aiki domin jinyar mahaifinta, kuma ta yi tafiye-tafiye ƙasashe da dama tana ba da labarin iyayenta.

## Matsayin Cocin Katolika a kan zaɓinta

Koyarwar Katolika ta haramta zubar da ciki da gangan a kowane mataki, bisa imanin cewa ran ɗan Adam yana farawa ne tun daga ɗaukar ciki, kuma ba wanda ke da ikon kashe marar laifi ko da don a ceci wani. Fafaroma Pius XI ya jaddada haka a wasiƙarsa *Casti Connubii* ta 1930, Fafaroma Pius XII kuma ya sake nanatawa a jawabansa na 1951. Don haka hanya ta biyu, wato cire ƙari tare da zubar da ciki, haramtacciya ce a wurinta.

Hukuncin hanya ta farko daban ne. Malaman Katolika suna da wata ƙa'ida da ake dangantawa da Thomas Aquinas, wadda ta shafi aikin da ke da sakamako biyu, mai kyau da marar kyau. Bisa wannan ƙa'ida, an yarda a yi wa mace mai ciki maganin cuta mai barazana ga ranta, kamar cire mahaifar da ta kamu, ko da an san ɗan tayin ba zai rayu ba. Sharaɗin shi ne cutar ake nufi da aikin, mutuwar ɗan tayin kuma ba ita ce manufa ba, ba kuma ita ce hanyar warkarwar ba. Pius XII ya faɗi wannan bambancin a fili a watan Nuwamba 1951. Saboda haka da Gianna ta yarda a cire mahaifarta, da ba ta saɓa wa koyarwar cocinta ba.

Wannan batu shi ne ginshiƙin yadda Cocin ya fahimci labarinta. Abin da aka girmama ta a kai shi ne ta ɗauki haɗarin da addininta bai wajabta mata ba, da saninta da kuma zaɓinta, domin ba ɗan da ke cikinta damar rayuwa. Malaman Cocin da suka yi rubutu a kanta sukan ja hankali cewa sadaukarwa irin wannan abin yabo ce, amma ba doka ba ce a kan kowace mace.

## Zama waliyyiya

Labarin rasuwarta ya bazu a lardin Milan tun a shekarar 1962. Babban bishop na Milan a lokacin shi ne Giovanni Battista Montini, wanda ya zama Fafaroma Paul VI a 1963. A ranar 23 ga Satumba 1973 ya ambace ta a jawabinsa na ranar Lahadi a matsayin uwar da ta ba da ranta da saninta. Magajinsa a Milan, Kadinal Giovanni Colombo, shi ne ya fara yunƙurin a binciki rayuwarta a 1972. An buɗe binciken a hukumance a 1980, aka saurari shaidu a Milan da Bergamo, aka tattara wasiƙunta da sauran rubuce-rubucenta. A ranar 6 ga Yuli 1991 Fafaroma John Paul II ya amince cewa ta yi rayuwa ta nagarta ta musamman.

A tsarin Katolika ana buƙatar mu'ujiza ɗaya kafin a kira mutum mai albarka, da wata kuma kafin a ayyana shi waliyyi. Dukkan biyun da aka danganta wa Gianna a Brazil suka faru. Ta farko a shekarar 1977 ce, a asibitin Grajaú da yayanta ya kafa: wata mata 'yar ɗarikar Furotesta ta sami yoyon bayan gida bayan an yi mata aikin haihuwa jaririn bai zo da rai ba, asibitin kuma ba shi da kayan gyara irin wannan lalurar. Wata sista ma'aikaciyar jinya ta yi addu'a tana kamun ƙafa da Gianna, kuma aka ba da rahoton cewa matar ta warke ba tare da tiyata ba. Ta biyu a shekarar 2000 ce, a birnin Franca na jihar São Paulo: ruwan mahaifar wata mata ya tsiyaye tana da cikin wata huɗu, likitoci suka ba da shawarar a cire cikin, ta ƙi, kuma ta haifi 'ya mace da rai a watan Mayu. Kwamitocin likitoci da na malaman addini na Fadar Vatican sun bincika batutuwan biyu kafin Fafaroma ya amince da su.

John Paul II ya ayyana ta mai albarka a ranar 24 ga Afrilu 1994, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa iyali. Ya ayyana ta waliyyiya a ranar 16 ga Mayu 2004 a dandalin St. Peter da ke birnin Rum, tare da wasu mutum biyar, cikinsu har da Luigi Orione na Italiya da Nimatullah Kassab na Lebanon. Wannan ne bikin ayyana waliyyai na ƙarshe da ya jagoranta kafin rasuwarsa a 2005. Pietro, yana da shekara 91, ya halarta tare da 'ya'yansu, kuma ana bayyana shi a matsayin miji na farko da ya ga an ayyana matarsa waliyyiya.

## Sunanta a muhawarar zubar da ciki

Lokacin da Gianna ta rasu, zubar da ciki laifi ne a Italiya ƙarƙashin dokar hukunta laifuka ta 1930. Binciken rayuwarta ya gudana ne a daidai shekarun da ƙasar ke sauya matsayi. A 1975 kotun tsarin mulki ta halatta zubar da ciki idan lafiyar uwa na cikin haɗari mai tsanani. A watan Mayu 1978 majalisa ta zartar da doka mai lamba 194, wadda ta ba da damar zubar da ciki a cikin kwana 90 na farko, ta kuma ba likitoci 'yancin ƙin shiga aikin saboda imaninsu. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Mayu 1981, ƙungiyar Movimento per la Vita mai samun goyon bayan Cocin ta nemi a taƙaita dokar, amma fiye da kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka ƙi.

An ayyana ta mai albarka 'yan watanni kafin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a watan Satumba 1994, inda Fadar Vatican ta yi tsayin daka kan kada a amince da zubar da ciki a matsayin hanyar tsara iyali. A watan Maris 1995 John Paul II ya fitar da wasiƙar *Evangelium Vitae* kan darajar ran ɗan Adam. Wannan ya sa magoya baya da masu suka duka suka kalli ɗaukaka ta a matsayin saƙo a cikin muhawarar.

Masu goyon baya suna cewa labarinta yana nuna cewa ɗan tayi mutum ne mai haƙƙin rayuwa daidai da na uwarsa, kuma wadda ta yi wannan hukunci likita ce mai ilimi, ba wadda aka tilasta wa ko aka ɓoye wa gaskiya ba. Suna kuma nuna cewa ita mace ce mai aure, mai sana'a, mai 'ya'ya, abin da ba a saba gani ba a jerin waliyyai mata, waɗanda galibinsu sistoci ne ko shahidai.

Masu suka, ciki har da masu fafutukar haƙƙin mata da wasu 'yan Katolika, suna ganin ɗaukaka macen da ta mutu a dalilin haihuwa yana iya zama matsin lamba ga matan da ke cikin irin halinta, har su ji kamar ceton ransu gazawa ce a addini. Suna kuma tambaya game da haƙƙin 'ya'ya ƙanana da aka bari ba uwa. Amsar da masu kare ta ke bayarwa ita ce ba mutuwa ta zaɓa ba, haɗari ta ɗauka tana fatan tsira, kuma mijinta ya ruwaito cewa ta yi imani Allah zai kula da 'ya'yan da ke raye ta hannun dangi, alhali wanda ke ciki ba shi da kowa sai ita.

Akwai kuma bayani ta fuskar likitanci da ɓangarorin biyu ke ambata. Abin da ya yi ajalinta shi ne cutar da ta biyo bayan aikin haihuwa, ba ƙarin kansa ba, kuma abin da aka fi jin tsoro, wato ɓallewar ɗinkin mahaifa, bai faru ba. A yau na'urar hoton ciki, ingantattun magungunan kashe ƙwayoyin cuta da kulawar gaggawa sun sa ana iya bin irin wannan ciki a tsirar da uwa da ɗa a mafi yawan lokuta, a inda ake da waɗannan kayan aiki.

## Tunawa da ita

Kabarinta yana ɗakin addu'ar iyalin Molla a maƙabartar Mesero, inda aka binne mijinta da 'yarta Mariolina, kuma masu ziyara suna zuwa daga ƙasashe da dama, musamman ma'auratan da ke neman haihuwa da mata masu cikin da ke da matsala. A 2007 aka keɓe wani tsohon coci a Mesero a matsayin wurin ziyara na iyali da sunanta. An sa wa coci-coci, makarantu, asibitocin mata da gidajen kula da masu ciki sunanta a Italiya, Amurka, Kanada, Brazil da Poland. A babban taron iyalai na duniya da Cocin Katolika ya gudanar a Philadelphia a shekarar 2015, ita da John Paul II aka zaɓa a matsayin waliyyan taron.